Baba Kofur ya rasu: wa zai riƙe rumbun iri?

Babban Ɗan Kofur:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da yawanku kun ji, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa daren Alhamis, wanda duk yankinmu na yammacin Funtuwa aka sani da Baba Kofur. An yi jana'izarsa da hantsin Juma'a, jiya kuma aka yi sadakar uku. Shekararsa 78 bisa ƙiyasi. Waɗanda suka taka da waɗanda suka bugo waya, Allah ya ba kowa ladan zumunci.

Dalilin wannan rubutu shi ne, da muka buɗe adakarsa mun tarar da abu biyu a ƙarƙashin kaya. Na farko takardar sallamarsa daga soja, ta nuna ya shiga a ƙarshen 1967, ya fita a 1977. Na biyu wasu littattafai irin na 'yan firamare guda huɗu, cike da sunayen mutane da ajami, kowane suna da adadin tiya a gabansa. Mun san yana ba da rancen iri, amma wallahi ba mu san abin ya kai haka ba. Baba ba mai yawan magana ba ne, mu 'ya'yansa ma tambaya ɗaya muke yi mu ja bakinmu. Don Allah duk wanda ya san wani abu a kansa ya rubuta mana a nan, ina so in tara wa jikokinsa.

Hajiyar Kaduna:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ka gaishe min da Inna.

Direban Sheme:
Allah ya gafarta masa. Sau da yawa na ɗauko masa masara zuwa kasuwa, bai taɓa barina na tashi daga ƙofar gidansa ban sha fura ba.

Malamin Firamare Mai Ritaya:
Allah ya jiƙan Yaya Kofur. Ɗana, littattafan nan ni nake kawo masa su daga makaranta, don haka bari in fara da su.

Lokacin da ya dawo gida a 1977, ya tarar mutane ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. A shekarar farin nan gidaje da yawa sun cinye irin shukarsu, da ruwa ya dawo sai aka rasa abin binnewa. Bayan haka kuma cutar gyaɗa ta 1975 ta zo ta gama da wanda ya dogara da gyaɗa. Shi yana bariki a lokacin, albashinsa ne ya riƙe gandun mahaifinsu. Da ya karɓi kuɗin sallama abu biyu ya yi: ya sayi shanun huɗa da garma, ya kuma gina ƙaramin rumbu a bayan ɗakinsa, daban da na abinci. Wannan rumbu ko mahaifiyarku ba ta taɓa shi. Da kaka shi da kansa yake bin gona yana zaɓar zangarniyar dawa da geron da suka fi cika, ya ɗaure dami daban. Idan bazara ta yi, wanda ba shi da iri ya zo da dare don kada a gan shi, a auna masa, a rubuta. Ka karɓi tiya biyu ka maido tiya biyu. Wanda bai maido ba, ban taɓa jin ya aika masa ba.

Ya kuma dawo a kan gaɓa. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka yi da tallafin Bankin Duniya tun 1975, yana tsakiyar aiki. Malaman gona na yawo a kan babur, takin zamani ya yi araha. Kafin nan masara a wajenmu abar bayan gida ce, a gasa wa yara. Kofur na cikin na farko da suka ba ta gona sukutum a garinmu. Dattawa suka ce soja ya dawo da taɓin hankali, zai kashe gandu. Da suka ga abin da ya kwasa, shekara ta zagayo kowa na neman irinsa. Duk da haka bai taɓa yarda ya bar dawa ba. Yana cewa masara amarya ce, in babu taki yaji take yi, dawa ce uwargida.

Saje Mai Ritaya:
Allah ya jiƙan maza. Ni na shiga soja bayan yaƙin basasa, amma na zauna da irinsu a bariki, kuma duk ranar 15 ga Janairu tare muke zuwa taron tunawa da 'yan mazan jiya. Ku yaran yanzu ku san abin da shekarun nan na takardarsa ke nufi.

Yaƙi ya ɓarke 6 ga Yuli 1967. Sojan Najeriya a lokacin bai wuce mutum 10,000 ba, kafin a gama ya kai wajen 250,000. Daga ina aka samo su? Daga ƙauyuka irin namu. Yaro ya ajiye fartanya yau, a kai shi Zariya, 'yan makonni kaɗan a koya masa fareti da riƙon bindiga, a loda shi a jirgin ƙasa. Kofur runduna ta biyu aka kai shi, wadda Murtala Muhammed ya jagoranta. Tabon ƙunar da ke hannunsa na hagu, wanda yake rufewa da hannun riga, a Abagana ya samo shi, kan hanyar Inugu zuwa Anaca, ƙarshen Maris 1968. Jerin motocin soja ne masu yawa, da tankokin mai a tsakiya, aka yi musu kwanton ɓauna. Wuta ta kama tankar mai ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fita daga wurin nan da ransa, kwanansa ne ke gaba.

Wata rana a shagon shayi aka ba shi canji da takardar naira 20, ya daɗe yana kallon hoton Murtala, ya ce min, Saje, na ga mutumin nan da idona, ya naɗe ta ya sa aljihu. Iyakar abin da ya ce ke nan. Shawarata ku sa hotonsa na kaki a falo, jikokinsa su san kakansu jarumi ne da ya haɗa kan ƙasar nan.

Ɗalibi a Samaru:
Allah ya jiƙan Baba. Baba Saje, da girmanka, ina neman afuwa kan abin da zan faɗa. Idan za a tara wa jikoki tarihi, a tara musu duka. Wannan runduna ta biyu ita ce ta shiga Asaba a Oktoban 1967, inda aka tara maza fararen hula aka harbe su da yawa. Mutanen garin har yau suna taron tunawa da ranar. Sannan yunwar da ta biyo bayan toshe hanyoyin Gabas ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, galibinsu yara. Mu a Arewa ana ba mu labarin kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, kuma gaskiya ne, ciwo ne. Amma ba a cika gaya mana kisan da aka yi wa Inyamurai a garuruwanmu a wannan shekarar ba, balle abin da ya faru a can.

Saje Mai Ritaya:
Yaro, gidan makoki ne nan. Mutum ko kwana bakwai bai yi a kabari ba za ka kawo mana Asaba? Ka duba takardar, a ƙarshen 1967 ya shiga, abin da kake faɗa ya riga ya faru kafin ya sa kaki. Kuma da ba su je ba, da yanzu da fasfo za ka je Fatakwal.

Ɗalibi a Samaru:
Baba, ban ɗora wa mamaci komai ba, Allah ya kiyaye. Kalmar jarumi ce na ga idan aka tsaya a kanta kawai, ba za a gane dalilin shirunsa ba.

Autar Kofur:
Baba Saje ka yi haƙuri, ka bar shi. Ni ce na yi jinyar Baba, kuma abin da ɗalibin nan ya taɓo, Baba da bakinsa ya taɓo min shi. Yaya, ban gaya maka ba, ka yafe ni, na rasa ta inda zan fara ne.

Kun san ɗabi'arsa, ba ya sa hannu a kwano sai ya tambaya ko yara sun ci. Ko almajiri ya ji a ƙofa yana cin abinci, ya gama ci ke nan. Mu mun ɗauka tausayi ne kawai irin na tsofaffi. Wani dare da zazzaɓi ya sauka, ina ba shi kunu, sai ya riƙe cokalin ya ce, Auta, kin san kalar gashin yaron da yunwa ta ci? Na ce a'a. Ya ce ja yake komawa. Ya ce bayan ya warke daga ƙuna an mayar da shi bakin daga, suka shiga wani gari da mutane suka gudu, suka tarar da yara a cikin wata makaranta, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, ba mai ƙarfin kuka a cikinsu. Ya buɗe gwangwanin abincinsa ya ba wani yaro, yaron ya ci da sauri, kafin gari ya waye ya mutu. Daga baya wani ma'aikacin asibitin soja ya gaya masa wanda yunwa ta daɗe a jikinsa ba a ba shi abinci mai nauyi farat ɗaya. Baba ya ce, ni na kashe shi da hannuna, ina nufin alheri.

Na ce Baba ai ba ka sani ba, Allah yana duba niyya. Ya ce haka limamin bariki ma ya gaya masa. Ya ce amma shekara 50 da wani abu, duk daren da aka yi tsawa sai ya ga yaron.

Hoton kakin nan da ake magana, shi ya cire shi daga bango tun muna yara ya sa a adaka. Ni dai a bar shi inda ya sa shi.

Hajiyar Kaduna:
La ilaha illallah. Auta kin sa ni kuka a cikin shago. Allah ya sa jinyar da kika yi ta zame miki hanyar Aljanna.

Saje Mai Ritaya:
Shekara nawa muna zama benci ɗaya bai taɓa gaya min ba. 'Yata, na janye maganar hoto. Kai ma ɗalibi ka yafe min zafin da na yi. Amma kalmar jarumi ban janye ta ba.

Jikan Ɗan Boma:
Allah ya jiƙansa. Kakana yana cikin waɗanda Turawa suka kai Boma a yaƙin duniya na biyu, runduna ta 82, suka yi yaƙi da Jafanawa a Arakan. Shi ma da ya dawo gona ya koma, shi ma bai ba da labari ba sai na jirgin ruwa da na ruwan sama. Kuma su duka wahalar fansho iri ɗaya suka sha.

Babban Ɗan Kofur:
Maganar fansho kam na gani da idona. Sau uku ina raka shi birni tantancewa, mu kwana a tasha, ya wuni a layi da sanda, a ce an ga kuskure a harafin sunansa, ya dawo wata mai zuwa. A karo na uku wani yaro sa'an jikansa ya daka masa tsawa ta taga. Baba bai tanka ba. A mota ya ce min daga yau ba zai ƙara kwana a tasha don kuɗi ba, gonarsa ba ta taɓa tambayarsa takarda ba. Sai daga baya ƙanena ya bi aka gyara.

Maƙwabcin Gona:
Allah ya jiƙan Baba Kofur, sunana yana cikin littafin nan fiye da sau goma, ba zan ɓoye ba. Amma tunda an ce kowa ya faɗi abin da ya sani, akwai abin da ke ci min rai, in na yi shiru na yi munafunci.

Bayan an kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, kowa ya san inda aka kwana. Gonakinmu na bakin daji suka gagara, aka fara ɗaukar mutane a kan kunya. Mu matasa muka je wurinsa mu kusan 30, muka ce Baba kai kaɗai ne ka san bindiga a garin nan, ka koya mana, ka shugabance mu. Ya ƙi. Ya ce zai nuna mana yadda ake gadi, da inda za a tsaya, da yadda za a fitar da mata da yara idan an shigo, kuma ya nuna. Amma shiga daji ko tare mutum a kasuwa, ya ce ba da shi ba. Daminar da ta biyo aka kashe ƙanena yana maimai a gonar dawarmu, ya bar mata da goyo. Har yau ina cewa da Baba ya yarda, da wataƙila an ji tsoron garinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku gafarce ni.

Direban Sheme:
Ni ma a lokacin ina cikin masu jin haushinsa, gaskiya.

Ɗan Ruga:
Allah ya jiƙan ƙanenka, maƙwabci, na san shi, yaron kirki ne. Ni ma bari in faɗi nawa.

Mahaifina shekara da shekaru da kaka a gonar Baba Kofur yake sauka. Shanu su ci kara su zuba masa taki, shi kuma ya ba mu dawa. Ko da mutane suka fara cinye burtali da noma, shi bai ƙara ko kunya ɗaya a nasa gefen ba. Mu ma ɓarayin nan sun kore mana shanu, sun kashe kawuna da ya bi sawu. Amma da abu ya ɓaci, duk mai sanda da malfa ya zama ɓarawo a idon mutane. Ranar wata kasuwa aka tare yayana ya kawo tunkiya zai sayar ya sai wa matarsa magani. An riga an ɗaure shi. Baba Kofur ya ratsa taron da sandarsa, ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya ce wanda zai yanka yaron nan ya fara da shi, in kuma akwai mai shaida a kansa a tafi wurin hukuma yanzu, shi zai raka. Ba wanda ya fito da shaida. Yayana yana nan da ransa, 'ya'yansa shida. Ranar Juma'a da ƙafa ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya don bai san yadda za a karɓe shi ba.

Maƙwabcin Gona:
Ina wurin ranar. Ban ce a yanka yayanka ba, Allah shaida ne. Amma ka gaya min, mu zauna a yi ta ɗaukarmu ɗaya ɗaya? An katse layin waya a 2021, an hana cin wasu kasuwanni, me ya canza? Da ba a ga amfanin mutanen gari su tsare kansu ba, da gwamnatin Katsina ba ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023 ba.

Malamin Firamare Mai Ritaya:
Ɗana, maganarka tana da ƙarfi, kuma ba wanda zai ce maka ka daina jin zafin jininka. Amma ka tuna abin da ya ce a masallaci a lokacin, ina kusa da shi. Ya ce shi bai hana kowa tsare gidansa ba. Abin da ya sani shi ne bindiga tana buƙatar wanda zai ce tsaya a tsaya. Ya ce a soja da hafsa da doka da komai ya ga yadda yaro mai hankali ke zama wani abu dabam idan aka kashe abokinsa, to ina ga matasa 30 masu ɗanyen ciwo babu mai tsawata musu? Da aka kafa rundunar da kake faɗa, ai bai hana kowa shiga ba, har jikan ƙanensa ya shiga da saninsa. Ya ce wannan aƙalla akwai wanda za a tambaya idan sun yi ba daidai ba.

Ni ina ganin ya yi daidai. Na ga garuruwan da aka bi ɗaya hanyar, na ga yadda ramuwa ta dinga kai da komo har aka tashi garin. Amma ban rasa ƙane a gona ba, don haka ba zan matsa maka ka yarda da ni ba.

Maƙwabcin Gona:
Ban yarda ba, Malam, har yanzu. Sai dai akwai abin da ya kamata in ƙara. Shekarar da aka kashe ƙanena ba wanda ya iya komawa gonar. Baba Kofur ne ya kira gayya ya ba matar mamacin gayaunarsa ta bayan gari, aka nome mata, ya ba da iri da shanun huɗa. Shekara uku ana yi. Yana tsufansa yake zuwa ya zauna a gindin ɗorawa har a tashi. A lokacin ko gaisuwar kirki ba na yi masa, bai taɓa nuna ya lura ba. Ban samu na nemi gafararsa ba, wannan ne ya hana ni barci tun ranar Juma'a.

Autar Kofur:
Yaya, ya yafe maka. Cikin jinyar nan ya ambace ka, ya ce yaron nan yana da gaskiyarsa, a bar shi. Ka yi masa addu'a kawai.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, maganar 'yan sa-kai a tsaya nan don Allah, na goge saƙo biyu da suka fara zagin ƙabila. Wanda ke da ta'aziyya ko labarin mamaci ya ci gaba.

Ɗalibi a Samaru:
Yaya Babba, wata tambaya. Irin dawar da ke rumbun nan, tun na 1977 ne yake juyawa? In haka ne kada ku bari ya gauraya da na kasuwa. Irin da manomi ya yi shekara 40 da ɗoriya yana zaɓa da hannunsa ya riga ya saba da ƙasarku da ruwanku. A nan cibiyar binciken noma ta Samaru ana daraja irin gida kamar wannan. In kun yarda zan zo hutu in taya ku zaɓar zangarniya da kaka, in koya.

Babban Ɗan Kofur:
Na gode muku duka, na kwafe komai. Auta, babu komai, gara da kika faɗa a nan kowa ya ji.

Ƙanena na Samaru, irin kaura ce da farfara, Inna ta ce tun na kakanmu ne, bai taɓa sayen irin dawa a kasuwa ba. Ka zo, ɗaki yana nan. Ni aikina a Kano yake, ban iya zaɓen zangarniya ba, kuma ba zan yi ƙaryar zan dawo gida noma ba. Mun yi magana da Inna da ƙannena yau da safe. Bashin da ke cikin littattafan nan huɗu an yafe shi gaba ɗaya, kada kowa ya kawo komai. Rumbun kuma cike yake, ya ɗaure damin bana kafin ya kwanta, ga bazara ta matso.

Maƙwabci, Inna ta ce kai ka fi kowa sanin wanda ke da iri da wanda ba shi da shi a garin nan, kuma kai ne gonarka ke jikin tamu. Ta ce in tambaye ka ko za ka riƙe makullin. Malam ya ce zai kawo sabon littafi.

Maƙwabcin Gona:
Ka ce wa Inna ina zuwa bayan la'asar in gaishe ta. Ɗan Ruga, in yayanka zai shuka bana, ka ce ya zo da rana, ta ƙofar gaba.